Gara Ƙin Tashi: Yadda Laima Mai Inji Ke Rabuwa Da Ƙasa

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin fadamar garin Gulma da sassafe, bayan an kwashe shinkafa fili ya buɗe, ya san tsuntsaye ba tashi ɗaya suke yi ba. Ƙanana firr kawai suke yi su ɓace. Amma babban tsuntsu irin gauraka, wanda yanzu ganinsa ya yi wuya, sai ya juya ya fuskanci iska, ya buɗe fukafukai, ya ɗan taka da gudu, sannan ƙasa ta sake shi. Wannan 'yar tazara tsakanin takun farko da sakin ƙasa ita nake so mu tsaya a kanta, domin akwai wani abin hawa da ɗan Adam ya ƙera wanda kusan haka yake tashi, kuma a wannan 'yar tazarar ce masu hawansa suka fi jin jiki.

Turawa na ce masa faramoto. Mu ce masa laima mai inji. Mai yiwuwa ka taɓa ganinsa a bidiyon waya: mutum ya goya inji mai farfela a baya, wata doguwar laima ta miƙe a bisa kansa, ya yi 'yan taku sai ga shi a sama. Kuma abin ya taɓa ratsa sararin maƙwabtanmu. A ƙarshen shekarun 1990 wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, George Steinmetz, ya so ɗaukar hamadar Nijar daga sama, matuƙin ƙaramin jirgin da ya dogara da shi ya janye, sai ya koyi tashi da wannan laima. Da ita ya ɗauki ayarin raƙuman gishiri a Tenere, hotunan da suka zagaya duniya, daga baya wasu suka shiga littafinsa African Air na 2008. Abin da ya ja shi gare ta shi ne ana iya naɗe ta a jefa a bayan mota, ba ta neman titin jirgi, kuma tana tafiya ƙasa-ƙasa a hankali. Duk da ƙwarewarsa, ya taɓa karo da itace a ƙasar Sin har ya ji ciwo a baki. A wajen tashi ne abin ya same shi.

Kayan kashi biyu ne. Na farko laimar, wadda a gaskiya fiffike ne na ƙyalle. An ɗinka ta bene biyu, sama da ƙasa, an raba cikinta ɗaki-ɗaki, bakin kowane ɗaki a buɗe ta gaba. In iska ta shiga sai ta kumbura ta ɗauki siffar fiffike. In iska ta fita sai ta koma tsumma. Babu ƙarfe ko kara a jikinta da zai riƙe ta. Faɗinta kan kama daga murabba'in mita 20 zuwa 30, kuma siraran igiyoyi masu yawa ne ke saukowa daga gare ta su haɗu a ƙugiyoyi biyu a jikin kujerar matuƙi. Akwai igiya biyu da yake riƙewa, dama da hagu, su ne birki kuma su ne sitiyari: ya ja ta dama ya karkata dama, ya ja duka biyun ya rage gudu.

Kashi na biyu injin. Yawanci irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai ne, ɗan'uwan ƙaramin janaretan nan na shago da tsofaffin babura. Da shi da kejin da ke kewaye farfela da mai, nauyinsa kan kai kilo 25 zuwa 35, wato kamar ka goya jarkar ruwa ɗaya da rabi. Totur a hannu yake, tare da maɓallin kashe inji a ƙarƙashin babban yatsa. A sama gudun yakan tsaya wajen kilomita 40 a awa, ɗan acaɓa ma ya fi shi sauri. Tayoyin wannan jirgi kuwa ƙafafun matuƙi ne.

To ga inda wahalar take. Jirgin sama na gaske kafin ya fara gudu a titi fukafukansa a gine suke. Mai laima kuwa sai ya gina fiffikensa a cikin daƙiƙu kaɗan, yana gudu, da nauyi a baya, da totur a hannu, a kan ƙasar da wataƙila kofaton shanu ya rarake tun tana da danshi. Da farko yakan shimfiɗa laimar a ƙasa a bayansa, ya warware igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya tabbata babu ƙulli, babu wadda ta maƙale a kututturen shinkafa ko ƙaya. Sannan ya nemi iska. Dole hancinsa ya fuskance ta sak. Fiffike bai san gudun da kake yi a ƙasa ba, gudun iskar da ke ratsa shi kawai ya sani. In iska na busowa daga gabanka ta rage maka rabin aiki. In tana bayanka, sai ka fara biyan bashin gudunta kafin ka tara naka, kuma ƙafar mutum ba ta da wannan jarin. Matan da ke shiƙa a masussuka sun san wannan ilimi tun kafin a ƙera inji: ba a ɗaga ƙwarya sai an ji daga ina iska take. Matuƙi shi ma yakan kafa sanda ya ɗaura tsumma a kai, ya yi ta kallonsa.

In iska ta kwanta, sai ya ba laimar baya, ya riƙe igiyoyin gaba, ya yunƙura da gudu har ta taso ta zo bisa kansa. In akwai 'yar iska mai ƙarfi, sai ya fuskanci laimar, ya ja ta sama yana kallonta, ya daidaita ta, sannan ya juya. A nan ma akwai tarko: in ya juya ta ɓangaren da ba shi ba, igiyoyin sun harɗe ke nan, birkin dama ya koma na hagu.

Da laima ta zo bisa kai, sai ya ɗaga ido ya duba ta. Ta buɗe duka? Ta tsaya daidai, ko ta karkata? Sai ya ga haka sannan ya fara ƙara totur, a hankali. Kuma a nan jiki ke yaudarar mutum har sau biyu. Duk mai gudu da kaya a baya gaba yake sunkuyawa; to in ka sunkuya, farfelar da ke bayanka ƙasa za ta tura ka, ka kife da fuska. Sai dai ka miƙe, ka bar inji ya tura ka, ƙafafu na bin sa da dogon taku. Yaudara ta biyu ta fi muni. Da mutum ya ji nauyi ya fara raguwa a kafaɗa, sai zuciya ta ce masa ai an tashi, ya ɗage ƙafa ya zauna. Alhali fiffiken bai gama ɗaukarsa ba. Sai ya dawo ƙasa da mazaunai, keji ya lanƙwashe, farfela ta ci ƙasa ta tarwatse. Masu koyarwa kan ce wa ɗalibi ya ci gaba da gudu ko da ƙafarsa ta daina taɓa ƙasa, abin da ke ba 'yan kallo dariya, amma shi ne daidai.

Ko an saki ƙasa ba a tsira ba tukuna. Farfela na juyawa ɓangare ɗaya, don haka inji na murɗa matuƙi zuwa ɗaya ɓangaren. In ya danne totur har ƙarshe alhali kujerarsa ba a daidaita take ba, yana iya juyawa a ƙarƙashin laimar igiyoyi su tufke. Kuma mutum a rataye yake mita shida ko bakwai ƙasa da fiffikensa, kamar lilo. Ya saki totur farat ɗaya, laima ta zabura gaba ta sunkuya. In yana kusa da ƙasa babu sararin gyarawa. Ya ja birki da yawa don ɗokin hawa sama, iska ta ƙwace daga bayan fiffiken ya daina ɗauka. In inji ya mutu yana ɗan sama kaɗan, abin da kan faru da irin waɗannan injuna, laimar ba ta faɗowa, tana zamewa ne a hankali zuwa ƙasa. Abin da ake so shi ne ya sauka a gabansa, ko da a gonar wani ce. Masu ƙoƙarin juyowa inda suka taso, don kunya ko don motarsu na can, su suka fi karyewa. Shi ya sa ake zaɓen filin tashi da tambaya ɗaya: in inji ya yi shiru a nan, a ina zan sa ƙafa? In amsar ita ce kan giginya, ko wayar lantarki, ko gulbi, filin bai yi ba.

Duk wannan yana da magani guda mai arha, sai dai yana da ɗaci: fasawa. Matuƙi kan sa wa kansa alama tun kafin ya fara, wani kututture ko tudu, ya ce in na kai nan ban tashi ba na kashe inji. Laima ta zo a karkace, kashe. Ka ji wani ƙara da ba ka saba ji ba, kashe. Hausawa sun riga sun yanke hukuncin, da muguwar rawa gara ƙin tashi, kamar don masu laima aka yi maganar. Asarar fasawa ita ce gumi da minti goma na sake shimfiɗa. Amma a ganina wannan ne abu mafi wuya a duk sana'ar, musamman a wurinmu. Ka ɗauka wani ya kawo irin wannan laima bikin kamun kifi na Argungu, inda dubban mutane ke cika bakin kogin Matan Fada, makaɗa na yi, manyan baƙi na zaune a rumfa. Ya yi yunƙuri biyu bai tashi ba, yara sun fara ihu. A na uku, ko laimar ta zo a karkace, da wuya yatsansa ya yarda ya taɓa maɓallin kashewa. Idon jama'a ya fi totur tura mutum.

Akwai kuma haɗarin da ba ya jiran a fara gudu. Farfela, wadda tsawonta ya haura mita ɗaya, tana juyawa fiye da sau dubu biyu a minti, kuma in tana gudu ido ba ya ganinta. Mutum ya ajiye inji a ƙasa, ya dafa keji da hannu ɗaya, ya ja igiyar tayarwa da ɗayan. In wayar totur ta maƙale a buɗe, injin na kamawa zai zabura da ƙarfin da ya kai na tura mutum sama, ya faɗo masa. Hannun da ya kai don tarewa shi farfela ke samu. Yatsu da yawa sun tafi ta wannan hanya, har na mutanen da suka shekara goma suna tashi. Don haka ƙa'idar da aka fi yarda da ita yanzu ita ce a duba totur ya koma wurinsa kafin a tayar, a tayar da inji yana goye a baya ko a ɗaure, da hular kwano a ka, bayan an ɗaga murya kowa ya kauce. Duk abin da ke lilo kuma farfela na zuƙarsa: igiyar birki da aka saki, waya a aljihun da ba a rufe ba, hula. Babbar riga da rawani, da duk girmansu, a nan sai su jira a gida.

Yanayin kwarin Rima na da nasa sharuɗɗan. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40, kuma iska mai zafi ba ta da kauri. Fiffike na samun ƙarancin abin riƙewa, inji na samun ƙarancin abin shaƙa, don haka filin da ya ishe ka a sanyin Disamba zai gaza maka a bazara. Da rana ta ɗaga kuma ƙasa na tura zafi sama a dunƙule, shi ne abin da shaho ke hawa yana kewayawa ba ya kaɗa fiffike, shi ne kuma uwar guguwar nan da ke ɗebe kara da leda a fili. Guguwa ɗaya ta isa ta naɗe laima a sama ko ta ja mutum a ƙasa. Saboda haka masu wannan abin hawa a ƙasashe masu zafi 'yan sassafe ne da gab da magariba. Hunturu na zuwa da iska mai ƙarfi daga arewa maso gabas, da hazon da ke ɓoye wayoyin lantarki, waɗanda ko a rana tangaran ba a cika ganinsu daga sama ba, sai dai a nemi turakunsu. Sannan iska in ta bugi jerin itatuwa ko gini, a bayansu takan yi ta birkiɗa kamar yadda ruwa ke yi a bayan ƙafar gada. Wurin da ka ji lif a bayan mangwarori, ka ce ga mafaka, a nan ne laima ke rushewa.

Haɗarin damina ya fi duka. Kowa a nan ya san iskar da ke riga ruwa isowa in hadari ya taso daga gabas, wadda ke yaye kwano. Wannan iska ba ƙyalle kaɗai take kayarwa ba. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin ADC da ya taso daga Abuja zai je Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da barin ƙasa, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu. Binciken da aka yi ya nuna jirgin ya shiga iska mai sauya ƙarfi da alƙibla farat ɗaya, ya kuma ambaci shawarar tashi a cikin wannan yanayi. In haka ta faru da babban jirgi irin wannan, sai a auna abin da za ta yi wa mutumin da ke rataye a jikin ƙyalle.

Sai ruwa. Mutumin Kabi zai ce wannan kam ba matsalarsa ba ce, shi da ya tashi a gulbi, ya ga masunta na nutso da homa su fito da giwan ruwa. Amma masunci gora ke ƙarƙashinsa, tana ɗaga shi. Mai laima ƙarfe ne ɗaure a bayansa, wanda ke kifar da shi fuska ƙasa, ga maɗaurai a cinya da ƙirji da sai an kwance su, ga igiyoyi da suka zube masa kamar taru. Iya ruwa ba ya hana kifi mutuwa a taru, balle mutum. Shi ya sa wanda zai bi ta kan ruwa ke ɗaura wa injin wata jaka mai kumbura kanta da zarar ta jiƙa, kuma ba ya yin ƙasa-ƙasa inda ba zai iya zamewa ya kai tudu ba.

Yanzu, ta yaya aka san duk waɗannan? Ba a ɗakin gwaji aka gano su ba. Mutane ne suka yi kuskure, suka zauna suka rubuta. Ƙungiyar masu laima mai inji ta Amurka na tara irin waɗannan rahotanni, kuma a 2014 wani likita ɗan Italiya, Francesco Feletti, tare da Jeff Goin, suka bi rahotanni 384 na tsakanin 1995 da 2012 suka wallafa sakamakon a mujallar BMJ Open. Lokacin tashi ne ya fi kowane yawan haɗari, kusan kashi ɗaya cikin uku. Cikin haɗura 23 da aka rasa rai, biyar nutsewa ne a ruwa. Yawancin laifin kuma ba na inji ba ne, na matuƙi ne.

Wannan ɗabi'a ta fallasa kai daga manyan jirage aka gado ta, kuma da tsada aka saye ta. Ranar 1 ga Disamba 1974 wani jirgin TWA da ke shirin sauka kusa da Washinton ya daki dutse a jihar Bajiniya, mutum 92 suka mutu. Da aka bincika sai aka tarar makonni shida kafin nan matuƙan wani kamfani sun yi irin wannan rashin fahimta a wuri guda, suka tsallake da ƙyar. Sun faɗa wa kamfaninsu, kamfanin ya gargaɗi nasa matuƙan, maganar ta tsaya nan. Daga wannan ne a 1976 aka kafa tsarin da kowane matuƙi zai kai rahoton kuskurensa, a cire sunansa, a yaɗa darasin. Aka kuma damƙa tsarin a hannun NASA, don ita ba ta da ikon hukunta kowa. Dabarar ke nan. Wanda ya san za a ƙwace masa lasisi ba zai buɗe baki ba.

A nan ne nake ganin namu cikas. Muna da kunya, kuma kunya ado ce, amma tana rufe bakin wanda ya tsallake rijiya da baya. Direban da birki ya kusa kashe shi ba ya faɗa a tasha, kada a ce bai iya ba. Wanda ya faɗi na wani kuma a ce ya cika gulma. (Mutanen Gulma su yi mini afuwa, sunan gari daban, hali daban.) In abu ya faru mukan ce ƙaddara, kuma gaskiya ne, sai dai yarda da ƙaddara bai taɓa hana a tambayi wace ƙusa ce ta kwance ba. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa maƙare da mutane ya nutse a kogin Kwara kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, gommai suka rasu, kuma ba shi ne na ƙarshe ba. Dokar 2022 da ta kafa hukumar NSIB ta faɗaɗa aikin binciken haɗari daga jiragen sama zuwa na ruwa da na ƙasa, bisa ƙa'idar da masu jiragen sama suka daɗe a kai, cewa ana bincike ne don kada a maimaita, neman mai laifi aikin wasu ne. Amma hukuma sai an mutu take zuwa. Labarin wanda ya kusa, bai kai ba, a bakinsa kawai yake.

Abu na ƙarshe da irin waɗannan kurakurai suka haifar shi ne jerin dubawa. Asalinsa ma wajen tashi ne: ranar 30 ga Oktoba 1935 wani sabon jirgin yaƙi na Boeing ya faɗi a Dayton yana barin ƙasa, don ƙwararrun matuƙansa sun manta ba su cire makullin da ke riƙe sitiyarin jela ba. Maimakon a ce a nemo waɗanda suka fi su, sai aka rubuta abubuwan da za a duba a bi su ɗaya-ɗaya. Na mai laima gajere ne, yakan faɗe shi da baki yana taɓa kowanne da hannu: maɗaurin cinyar dama, na hagu, na ƙirji, igiyar hular kwano, ƙugiyoyi biyu a kulle, birki ba a harɗe ba, laimar ceto a rufe, murfin tanki, aljihu, tsumman iska, sararin gaba. Na cinya ne a farko domin wanda ya manta shi yakan zame daga kujera bayan ya yi sama. Kafin duk wannan kuma akwai izinin hukumar kula da jiragen sama ta NCAA, domin sama ba daji ba ce, ga filin jirgin Sir Ahmadu Bello nan a Ambursa, a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu.

Rahotanni sun sha nuna cewa mantuwar takan zo ne in an katse mutum a tsakiyar jerin. A fadama irin ta Gulma kuwa katsewa dole ce. Yara za su kewaye ka, wani dattijo zai tsaya da kekensa ya yi sallama, ya tambayi gajiya da iyali da kuma ko wannan abu da gaske yana tashi. Ba za ka ƙi amsawa ba. Sai ka amsa masa cikin ladabi, ka ce Baba don Allah a ja yaran nan baya su koma can gefen tudu, ka jira sai sun koma. Sannan ka mayar da hannu kan maɗaurin cinyar dama, ka faro daga farko.